Wasiƙa Zuwa ga Masu Fasa Dutse na Birnin Kudu da Gwaram



A tambayi shugaban kowane wurin fasa dutse tifa nawa aka loda a makon jiya, nan take zai faɗa. Ya san kuɗin tsakuwa, ya san na lebura, ya san wanda ake bi bashi. Amma a tambaye shi mutum nawa ɓarɓashin dutse ya faɗa wa ido tun daga ƙaramar salla, ko su waye ke kwana tari, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ba mu rasa kowa ba." Godiya ga Allah wajibi ce. Sai dai in mutuwa kaɗai ake ƙirgawa, kafin lissafi ya nuna matsala an riga an yi jana'iza.

Roƙona gare ku ƙarami ne. Ku sayi littafi ɗaya, irin na 'yan makaranta ma ya isa, ku damƙa wa mutum guda mai amana. Ya rubuta duk raunin da aka ji, da abin da ya jawo shi, da kwana nawa mai raunin ya yi bai fito aiki ba. Ya kuma rubuta abin da muke shafewa da "Allah ya kiyaye": kan guduma da ya fice bai sami kowa ba, dutsen da ya gangaro ya tsaya dab da ƙafar yaro, tifar da ta yi baya ba mai duba mata. A 1931 wani Ba'amurke, Herbert Heinrich, ya ƙiyasta cewa kowane mummunan rauni guda yana tare da ƙanana 29 da haɗurra 300 da ba su taɓa kowa ba. Masana na jayayya kan alƙaluman, amma ku da kanku kun san ƙotar da ta yi kisa ta daɗe tana girgiɗi. Kuma kada a yi wa wanda ya kawo rahoto faɗa ko a rage masa kuɗi, domin daga ranar ba mai sake faɗa, littafin ya zama na ƙarya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙura. Duwatsun nan namu, irin su Habude da Mesa da suka adana zanen mutanen dā har yau, na ƙanƙara ne masu ɗauke da sinadarin silika. Ƙurarsa mafi laushi ido ba ya ganinta, kuma tsumman da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. Tana shigewa huhu ta zauna, huhun ya riƙa tabo yana ƙandarewa. Sai bayan shekara goma ko fiye mutum ya ga ya kasa hawan tudun da a dā yake hawa da kaya a ka. Cutar ba ta warkewa, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara sanadin aikinsu, kuma mafi yawansu cuta ce ke kashe su a hankali.

Saboda haka ku ƙirga rigakafin ma. Kwana nawa aka jiƙa dutse da ruwa kafin a niƙa? Mutum nawa ke da tabarau da takunkumin N95? Yaushe aka duba ƙotocin guduma? Wanda tarinsa ya wuce mako biyu a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibitin Gwaram. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Masu injin niƙa da kamfanoni kuwa, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora muku zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Lebura da ya rasa ido ba zai iya neman haƙƙinsa ba in babu inda aka rubuta ranar da wurin.

A zauna duk Juma'ar ƙarshen wata a karanta littafin a gaban kowa, har da yaran da ke ɗibar tsakuwa, a zaɓi abu ɗaya da za a gyara kafin wata mai zuwa.

Allah ya tsare ku. Wassalam.