Ba Mu Muka Ɓoye Kuɗin Ba, Baba: Martanin Mai POS Daga Mararaban Rido

Maganganun da ka yi a kanmu a taron unguwa sun iso mana, har da shawarar da ka bayar cewa a tashe mu daga bakin titin Kachia. A wurin ba mu ce uffan ba, domin yaro ba ya katse babba a gaban mutane. Amma tunda a bainar jama'a aka yi zargin, ka yi mini izini in amsa a rubuce, a madadin kaina da sauran masu zaman ƙarƙashin laima tun daga kwanar matatar mai har Kujama.

Ka fara da cewa kuɗin mutane muke sayar musu. To bari mu baje lissafin a faifai. Mutum ya zo cirar dubu goma, na karɓi ɗari biyu. Kafin ɗari biyun ta taɓa aljihuna, kamfanin da ya ba ni na'ura ya yanki rabonsa. Na'urar ba ta aiki sai da data, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Akwai takardar rasit, akwai kuɗin wuri, akwai cajin na'ura a shagon mai janareto duk ranar da aka ɗauke wuta. Babban abin da mutane ba su gani shi ne ita kanta tsabar kuɗin. Banki ba ya ba mu yadda muke buƙata. Gidajen mai muke bi da yamma, da shagunan 'yan sari, mu tura musu ta asusu su ba mu takarda, wani ma sai ka ɗora masa wani abu kafin ya saki. Sannan ka rungumo jakar ka hau babur, a kan hanyar da kai ma ka san halinta. Ɗan garuwa ba shi ya halicci ruwa ba, ɗaukowar ake biya, kuma ban taɓa jin an kira shi ɓarawo ba.

Wanda ya ga ɗari biyun ta yi yawa yana da zaɓi: ya shiga mota zuwa Sabon Tasha ko cikin gari. Sai ya lissafa kuɗin zuwa da dawowa tun bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ya haɗa da layi, ya haɗa da yiwuwar ya tarar na'urar babu kuɗi. Ko ya samu ma, tun daga 1 ga Maris 2025 Babban Bankin Najeriya ya ce duk wanda ya ciri kuɗi a ATM na bankin da ba nasa ba zai biya naira 100 a kan kowace dubu ashirin, idan kuma na'urar ba a harabar banki take ba ana iya ƙara masa har naira 500. A takarda ATM ya fi mu sauƙi, wannan ban musa ba. Amma matar da ta kawo doya daga ƙauyen bayan Rido ba a takarda take tafiya ba. Maganar riba da ka jefo kuwa ta malamai ce, ba a bakin titi ake yanke ta ba. Iyakar abin da zan ce, ban ba kowa bashi ba balle in ɗora masa ruwa. Kuɗinsa ne na miƙa masa a inda yake, na karɓi ladan aikina.

Zargi na biyu shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, wai mu muka haɗa baki muka ɓoye kuɗi a 2023. Baba, a nan an bar jaki ana dukan taiki. Ranar 26 ga Oktoban 2022 Godwin Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a, ba a bankuna ba. Sababbin takardu suka fito ranar 15 ga Disamba, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin kuɗinsu banki da hannunsu, sababbin da za a ba su kuma ba a buga isassu ba. Zuwa Fabrairu kuɗin da ke yawo a ƙasar nan gaba ɗaya ya faɗo ƙasa da tiriliyan ɗaya. Wane mai laima ne yake da rumbun da zai ɓoye tiriliyan biyu?

Eh, an karɓi dubu biyu a kan dubu goma a lokacin, wani wurin har fiye. Cikinmu akwai waɗanda suka ga banza ta faɗi suka yi son zuciya, kuma ba zan wanke su ba. Amma da yawanmu sayen kuɗin muka yi da tsada kafin mu sayar, wasu kuma suka naɗe laimarsu suka zauna a gida saboda babu abin bayarwa. Waɗanda ICPC da EFCC suka kama da damman sababbin kuɗi a ɓoye a watan Fabrairun, jami'an banki ne a cikin rassansu. Kuma ka tuna jiharmu ta Kaduna ce, tare da Kogi da Zamfara, ta maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli a zamanin Nasir El-Rufai. Ranar 3 ga Maris 2023 kotu ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Da suka dawo kasuwa caji ya sauko da kansa, ba a tashi mai POS ko ɗaya ba. Da mu ne cutar, hukuncin kotu ba zai zama maganinta ba.

Sai batun wanda aka cire wa kuɗi a asusu, na'ura ta ce bai shiga ba, mai POS kuma ya ƙi ba shi. Na san wannan yana tada hankali, musamman idan kuɗin magani ne. Ga yadda abin yake. Idan an zura kati, saƙo yana tashi daga na'urata ya bi ta kamfanonin da ke haɗa bankuna, irin su NIBSS da Interswitch, ya isa bankin mai katin. Bankin ya cire kuɗin, ya aiko da amsa ta wannan hanyar. Idan sabis ya yanke kafin amsar ta iso, shi an cire masa, ni kuma ko kwabo bai shigo mini ba. Kuɗin yana maƙale a tsakani. In na ba shi daga jakata, gobe bankinsa ya mayar masa da nasa, ya ci biyu ke nan, ni na tashi a tutar babu. Tun watan Yunin 2020 ƙa'idar Babban Banki ta ce a warware irin wannan cikin awa 72. Abin da ke kan mai POS shi ne ya ba da rasit ɗin da ke nuna cinikin bai yi ba, wanda ya hana rasit shi ne abin tuhuma. Abin da ke kan mai kati shi ne ya kai wa bankinsa, in an yi mako biyu shiru ya kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Satar lambar sirri tana faruwa, akwai ɓata-gari a kowace sana'a. Sai dai kullum muna ganin dattawa suna miƙo kati da lambar a rubuce a bayansa, ko su faɗe ta da ƙarfi a gaban layi. Ka taya mu faɗa musu su danna da hannunsu, su kare da ɗayan hannun, kada kuma su bar katin ya ɓace wa idonsu.

Yanzu ga babbar magana, wai ta hannunmu 'yan bindiga ke karɓar kuɗin fansa. Wannan ba kalmar da ake jefawa da wasa ba ce a garin nan. Ba mu manta da daren 5 ga Yulin 2021 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke nan kan hanyarmu. Ƙannenmu ne da 'ya'yan maƙwabtanmu. Duk wanda aka taɓa ɗaukar masa ɗan'uwa ya san yadda ake kai fansa: a jaka, a daji, wani lokaci a haɗa da babur da buhun shinkafa da katin waya. Ɗan bindiga yana gudun asusu ne saboda asusu yana barin sawu. Na'urata a ɗaure take da BVN da NIN ɗina, kowace naira da ta wuce tana da lokaci da suna. A 2024 aka tilasta mana rajista da hukumar CAC. A Disamban shekarar Babban Banki ya ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ciri fiye da dubu ɗari a rana a wurinmu ba, mai POS kuma ba zai fitar da fiye da miliyan 1.2 ba. A 2025 aka zo da umarnin a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista. Idan an samu wanda ya karɓar wa miyagu kuɗi, a kama shi, bayanan da za a kama shi da su suna nan a ajiye.

Kuma an riga an gwada irin maganin da kake so. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, ciki har da sassan Chikun da Kajuru, har zuwa ƙarshen Nuwamba. A inda sabis ya ɗauke, na'urorin POS sun mutu murus. Ɗaukar mutane bai ƙare ba. Abin da ya faru shi ne ɗan kasuwa ya koma yawo da tsabar kuɗi a jikinsa a kan hanyar Kasuwan Magani da Kachia, wanda aka kai wa hari kuma ya rasa yadda zai kira a kawo masa ɗauki. Mai sayen citta da ke zuwa Kwoi ko Kafanchan a yau da kati a aljihu ya fi wanda ya cusa miliyan a cikin buhu kwanciyar hankali.

Daga ƙarshe ka ce mu raggaye ne, matasa da takardun digiri sun zauna suna danna na'ura. Baba, zamaninku ba namu ba ne. Lokacin da aka buɗe matatar man Kaduna a 1980, saurayi yana gama makaranta aiki na jiransa. In bai samu nan ba ya nufi Kakuri, ga masaƙar KTL da ke aiki tun 1957, ga Arewa, ga UNTL, ga kamfanin Peugeot. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi sahu. Matatar da muke hango hasumiyarta daga inda muke zaune ta yi shekaru ba ta tace mai ba. Wanda ya fito tun bakwai na safe, ya wuni cikin ƙurar tireloli har bayan isha'i, yana ƙirga kuɗin da in ɗari biyar ta ɓace shi zai biya, ba rago ba ne.

Akwai abu ɗaya cikin jawabinka da na goyi baya, wato bai dace kowa ya riƙa yanka farashi yadda ya ga dama ba. A kan wannan muna iya zama da masu unguwa a tsayar da caji ɗaya, kowane mai POS ya rubuta shi da manyan baƙi ya liƙa a jikin teburinsa, da lambar wayar da za a kira idan ya saɓa. In ka kira zaman, za mu zo da littattafan lissafinmu.