'Yan Matanmu Ma Suna Da Rabo A Filin Wasa

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

Jama'a, kwanan baya wani bawan Allah mutumin Barno da ke sayar da hula a Agege ya zo gida ganin dangi, muka zauna hira a gindin dalbejiya bayan la'asar. Cikin hira sai ya ce mini 'yarsa ta zo ta ɗaya a tseren makarantarsu can Ikko, har malamai sun nemi su tafi da ita gasar makarantu, amma shi ya hana. Na ce masa don me? Ya ce, "Malam, 'ya mace da gudu a bainar jama'a? In labari ya iso gida me zan ce wa 'yan'uwana?" Wannan magana ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau, domin na san irin wannan mutum ba shi kaɗai ba ne a cikinku masu zaune a Kudu, ko a Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal.

Bari in fara da wani misali daga nesa, sa'an nan mu dawo gida. A ƙasar Amurka akwai ƙananan kwalejoji masu yawa waɗanda ɗalibansu ba su wuce dubu ɗaya ko biyu ba. Duk da ƙanƙantarsu, da yawa daga cikinsu suna riƙe da ƙungiyar 'yan mata masu buga ƙwallon lambu, watau golf. Wasa ne da ake yi da sanda da 'yar ƙaramar ƙwallo, a bi ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Ba a yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna fiye da 14 ba. In za a yi gasa tsakanin kwalejoji, galibi 'yan mata biyar ne kan fita, a lissafa sakamakon huɗu da suka fi ƙwazo. Abin lura kuwa shi ne, a rukuni na uku na wasannin kwalejojin Amurka, inda da yawa daga cikin waɗannan ƙananan makarantu suke, ba a ba ɗalibi kuɗin karatu saboda wasa. Yarinya karatunta ta zo yi, amma makaranta ta ɗaukar mata mai koyarwa, ta ba ta mota, ta sa sunanta cikin kasafin kuɗi.

Kada ku ce kirki ne ya yi wa Amurkawa yawa. Doka ce ta tilasta su. A shekarar 1972 aka kafa dokar da ta ce duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon fifita namiji a kan mace, har da wajen wasanni. Lokacin da aka yi dokar, 'yan matan sakandare masu shiga gasa a ƙasar ba su kai 300,000 ba. Yau sun haura miliyan 3. Ashe ba son wasa ne matan suka rasa ba tun farko, ƙofa ce aka rufe musu.

To, wani zai ce, me ya haɗa Maiduguri da golf? Gaskiya ne, ni ma ban ce a je a share daji a shuka ciyawa ba. Wasan nan tun zamanin Turawa yake a Jos da Kano da Kaduna, haka nan a kulob ɗin Ikoyi da ke Ikko, kuma har yau na manyan ma'aikata ne da hafsoshi da attajirai. Ciyawarsa tana shan ruwa ba kaɗan ba, shi ya sa a filayen Arewa da dama aka daɗe ana shimfiɗa yashin da aka cuɗa da baƙin mai a bakin rami maimakon ciyawa. Garin da ya sha wuyar tashin hankali tun 2009, kuma madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta cinye unguwanninsa a watan Satumba na 2024, yana da abin da ya fi sandar golf gaggawa. Abin da na ɗauko daga misalin can shi ne ƙa'idar: makaranta komai ƙanƙantarta, in ta karɓi 'ya mace, to ta karɓe ta ne duka, da ƙwaƙwalwarta da jikinta.

Mu duba namu. Jami'ar Maiduguri an kafa ta a 1975, ita ce wadda a 2025 Shugaban Ƙasa ya ba da sanarwar sa mata sunan marigayi Muhammadu Buhari. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, ga makarantun horon malamai da na jinya, ga sakandaren 'yan mata. Wasannin jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, tun 1966 aka soma su a Badun. Jihar Barno kuma ba baƙuwa ba ce a fagen wasa: kowa ya san El-Kanemi Warriors a ƙwallon ƙafa, da Borno Spiders a ƙwallon hannu. Amma duk wanda ya zaga filayen makarantun Arewa da yamma ya san abin da idonsa zai gani: samari sun cika fili, 'yan mata kuwa in an gan su to a gefe suke, ko kuma suna ɗakin kwana. Alhali kuwa a makarantu da yawa akwai kuɗin wasanni cikin abin da ake biya kowace shekara, kuma ba a rage wa mace ko kwabo. Ta biya, namiji ya buga. Wannan ai ba adalci ba ne.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damun abokina mai hula, watau addini da mutunci. Ni ma uba ne, ban raina wannan damuwa ba. Amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, har sau biyu, kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawuda. Gudun kansa ke nan ba shi ne laifi ba. Abin kiyayewa shi ne sutura, da wurin da ake yi, da wanda ke koyarwa. Su kuwa waɗannan uku duk abubuwa ne da hukuma za ta iya gyarawa in ta so. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da ɗankwali tun 2014, ta ƙwallon kwando kuma ta bi baya a 2017. A gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta, duniya tana kallo.

Maroko ɗin nan kuwa ƙasar Musulmi ce, amma ta riga mu gane wannan. Nawal El Moutawakel, tana ɗaliba a wata jami'a ta jihar Iowa, ta ci zinariya a tseren tsallake shinge na mita 400 a wasannin Olamfik na Los Angeles a 1984, daga baya ta zama ministar wasanni a ƙasarta. A golf ma suna da Maha Haddioui, wadda ta yi karatu a Amurka ta kuma wakilci ƙasarta a Olamfik na 2016, da Ines Laklalech da ta ci babbar gasar mata ta Faransa a 2022. Nan gida ma, Tobi Amusan da ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a 2022, ta hanyar wasa ta sami gurbin karatu a wata jami'a ta Texas. Asisat Oshoala, Musulma 'yar Ikorodu, sau 6 ana zaɓen ta gwarzuwar Afirka. Sa'ad da Super Falcons suka ɗauko kofin Afirka karo na 10 a watan Yuli na 2025, mu ma mun yi ta murna a nan Arewa. Sai dai ku duba sunayen, ku ƙirga 'yan Arewa nawa ne a ciki. Shin Allah bai ba 'ya'yanmu ƙafafu ba ne? Ai Sakkwato da Kaduna sun riƙe ƙungiyoyin mata na ƙwallon hannu, Rima Queens da Kada Queens, sama kuwa ba ta faɗo ba.

Har wa yau, kada a ɗauka maganar kofi ce kawai. Cikin 'yan mata ɗari, watakila ɗaya ce za ta yi suna. Sauran casa'in da tara abin da za su samu shi ne lafiyar jiki, da haƙuri, da sanin yadda ake faɗuwa a tashi. A da iyayenmu mata suna daka, suna surfe, suna ɗebo ruwa daga nesa, 'yan mata kuma suna gaɗa a dandali da farin wata. Yau inji ya karɓi turmi, dandali ya mutu, yarinya daga aji sai ɗaki sai waya. Likitoci kuwa kullum suna kuka kan hawan jini da ciwon sukari, suna cewa rashin motsa jiki yana cikin manyan dalilansu. Ga kuma 'yan matan da suka tashi a sansanonin gudun hijira da baƙin ciki a zuci, waɗanda sa'a ɗaya ta wasa da dariya cikin 'yan'uwansu mata za ta rage musu nauyi.

Saboda haka ina kira ga hukumomin ilmi na Jihar Barno da shugabannin manyan makarantunmu da su yi abu uku. Na farko, a keɓe fili mai katanga, ko a ware wasu ranaku na mako, don mata kaɗai. Na biyu, a ɗauki mata masu koyar da wasa, tun da makarantun horon malamai suna yaye su. Na uku, a bayyana wa kowa nawa aka tara na kuɗin wasanni, nawa aka kashe wa mata. Ƙwallon hannu da ƙwallon raga da ƙwallon tebur da guje-guje ba sa bukatar dukiya mai yawa. In an kafu, ba abin mamaki ba ne wata rana mu ga 'yar Yerwa riƙe da sandar golf a Kaduna ko Abuja.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, kuna da damar da mu ba mu da ita, domin makarantun da 'ya'yanku ke zuwa sun riga sun saba da wasannin mata. Maimakon ka ce a'a daga bakin shago, je ka makarantar da kanka. Ka tambayi wa ke koyarwa, wa zai raka su in za a yi tafiya, wane kaya za su sa. Ka ɗinka wa 'yarka dogon wando da hijabin da ya dace, ka tura uwarta ko yayarta ta zauna a wurin. In sharuɗɗanka ba su cika ba, ka hana da hujja. In sun cika, ka sa mata albarka. Sarakunan Hausawa da limamai na zango-zango kuma su taimaka wajen yi wa iyaye bayani, don in maganar ta fito daga bakinsu ta fi shiga.

Abokina mai hula ya koma Agege, ya kuma yi mini alkawari zai je ya ga shugabar makarantar kafin gasar baɗi. Ina jiran wasiƙarsa, kuma ina jiran naku ra'ayin ta hannun Edita, ko kun yarda da ni ko ba ku yarda ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon yi musu adalci, amin.