Hutu ma horo ne

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta wajen filin wasa na Seyni Kountché a Yamai, ko manyan hanyoyin Maraɗi da Damagaram, zai tarar da masu gudu: ma'aikatan da likita ya ce su rage ƙiba, da samarin da ke shirin jarrabawar shiga soja ko jandarma. Da yawansu sun ɗauka wanda ya fi wahalar da jikinsa shi ke cin riba. To, ba haka al'amarin yake ba.

Gudu mai tsanani yana yi wa tsoka ƙananan raunuka, yana kuma ƙone sukarin da jiki ya tanada. Gyaran kuwa ba ya yiwuwa sai an ci, an sha, an yi barci, kuma yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3. A nan ne tsoka ke ƙara ƙarfi. Wanda ya sake ɗora mata kaya kafin ta warke tamkar ɗan kasuwa ne mai cin uwar kuɗi yana zaton riba ce. Ƙarshenta gwiwa ta kumbura, ko ƙashin ƙwauri ya tsage, a share mako 6 ko fiye ba gudu, ranar jarrabawa ta zo ta wuce.

A dubi Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama kilomet 42 da mita 195 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a birnin Biyana a shekarar 2019. Lokacin da yake ganiyarsa yakan yi kilomet 200 a mako a sansanin Kaptagat, amma mafi yawa gudun sassarfa ne. Mai tsanani kwana 3 kawai. Yakan yi barcin rana, ba ya cika wuce gasar dogon zango 2 a shekara, bayan kowace kuma sai ya huta makonni.

Ke nan ya kamata mai gudu ya bi ranar wuya da ranar sauƙi, ya ware kwana 1 ko 2 a mako na hutu, ya samu barcin awa 7 zuwa 9. In ya tashi da safe ya ji zuciya na bugu fiye da yadda ta saba, ƙafafu sun yi nauyi, ya dakata: jiki magayi. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ya rage nisa, ya ƙara ruwa. Mai shirin jarrabawa kuma ya sassauta a makon ƙarshe, ya isa fili da ƙarfinsa.

Manomi ya sani: gonar da aka bari ta yi saura ita ke cika rumbu.