Koyon Maganin Guba Ta Hanyar Wasa

A ƙauyukan fadama da ke tsakanin Gashuwa da Nguru, da wuya a sami gidan manomi wanda babu maganin ƙwari a cikinsa, kuma galibi a tsohuwar kwalbar lemo ake ajiye shi, kamar yadda ake yi wa kananzir. Yaro ɗan shekara 2 kuwa ba ya bambanta wannan da ruwan sha. In ya kurɓa, ba likita ne zai fara ganinsa ba, malamin ɗakin shan magani ne, wanda watakila bai taɓa ganin irin wannan ba sai a littafi.

Abin kuwa yana da rikici. Yaron da ya sha kananzir ba a sa shi amai, domin man yakan faɗa huhu ya haddasa ciwon nimoniya, alhali kuwa iyaye sun riga sun ɗura masa manja tun daga gida. Wanda ya sha maganin ƙwari irin su Sniper kuma, za a ga yawu na dalala, gumi na tsatsafowa, ƙwayar ido ta tsuke. Allurar atirofin yake bukata nan take, a yi ta maimaitawa har ƙirjinsa ya washe.

Saboda haka ne waɗansu makarantun likita a Amurka da Turai suke koyar da wannan fanni ta hanyar wasan kwamfuta. Akan nuna wa ɗalibi yaro mara lafiya, agogo na tafiya, shi ne zai zaɓi abin yi. In ya kuskure, numfashin yaron ya tsananta, sai ya sake daga farko, ba tare da an yi jana'izar kowa ba. Kada kalmar wasa ta sa dattawa su raina abin.

Nijeriya ta riga ta ɗanɗana. A 2008 maganin haƙori na My Pikin ya hallaka yara fiye da 80, a 2010 kuma gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Zamfara, da fari ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau.

Nguru tana da Asibitin Tarayya da Kwalejin Kiwon Lafiya, watau akwai malamai, akwai ɗalibai. Amma lalle ne wasan ya yi aiki a wayar hannu ko babu intanet, kuma kwalaben da zai nuna su zama irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Gashuwa.