Mun Iya Gyara a Kasuwa, Mun Kasa Yabo a Gida

Duk wanda ya tashi a zango ya san mai kokon unguwarsu. Ka miƙa mata kuɗinka, ta auna maka, sannan ta ƙara rabin ludayi ta ce ga gyara. Ba ta taɓa shiga ajin ilimin halayyar ɗan Adam ba, amma ta san rabin ludayin nan shi zai sa gobe ka wuce masu koko uku ka tsaya gabanta. Alhajin da ya aiki yaro ya ba shi tukwici ya san ranar da ya sake kiransa da gudu zai zo. Kakanninmu sun bi hanyar fataucin goro daga Kano har Salaga, kuma ba a yin fatauci sai an san yadda ake jawo zuciyar mutum. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, da zarar mun shiga gida ko makaranta sai mu tuɓe wannan sani a bakin ƙofa tare da takalma, mu ɗauki bulala.

Kwanakin baya na zauna a zauren wata makarantar dare a nan Kumasi. Yaro ɗan shekara bakwai ya tashi biya allonsa. Aya biyar ya kawo daidai, babu wanda ya ce uffan. A ta shida ya yi tuntuɓe, nan take dorina ta sauka a gadon bayansa. To me wannan yaro ya koya a daren nan? Ya koyi cewa daidai biyar ba ta da lada, kuskure ɗaya kuwa yana da azaba, don haka dabara ita ce kada a kira ka. Gobe zai laɓe a bayan manya yana motsa leɓe. Jibi cikinsa zai fara ciwo da magariba.

Masana sun daɗe da auna wannan al'amari. A shekarar 1898 wani Ba'amurke, Edward Thorndike, ya riƙa kulle kyanwoyi a cikin akwati yana ajiye abinci a waje. Kyanwar da ta taɓa maɓuɗi bisa dace ta fita ta ci, sai ta riƙa saurin komawa ga maɓuɗin a karo na gaba. Daga nan ya fitar da ƙa'idarsa: aikin da abin daɗi ya biyo bayansa yakan maimaitu. B. F. Skinner, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a Jami'ar Harvard, ya faɗaɗa wannan da ɓeraye da tantabaru, ya nuna yadda lada ke gina hali mataki-mataki. Abin da ake kira ƙarfafa hali da lada ke nan, wato a bi kyakkyawan aiki da wani abu da mai aikin ke so, don aikin ya yawaita.

Skinner ya gwada horo shi ma. A littafinsa na 1938 ya ba da labarin ɓerayen da suka saba danna wani ƙarfe don samun abinci, sannan aka yanke abincin. Wasu daga cikinsu aka shirya ƙarfen ya riƙa marin ƙafarsu na ɗan lokaci. Sun ja baya muddin ana marin, amma da aka daina sai suka koma dannawa, har a ƙarshe suka kamo waɗanda ba a taɓa mara ba. Duka ya danne halin na ɗan lokaci, bai cire shi ba. Wannan kowace uwa ta sani: yaron da ke natsuwa idan ya ji tarin ubansa shi ne ke birkita gida idan uban ya fita. A 2016 kuma Elizabeth Gershoff da abokin aikinta suka tattara binciken shekaru hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, suka tarar dukan yara yana tafiya ne tare da ƙarin taurin kai da faɗace-faɗace.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a majalisa. Za a ce mu ma an doke mu, ga mu mun zama mutane. Gaskiya ne. Amma mu ƙirga waɗanda muka fara allo tare da su. Nawa suka kai sauka? Ina sauran? Mu da muka tsira mu ke zaune muna yabon bulala, waɗanda ta kora ba a gayyatar su ba da shaida. Za a kuma ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Karin maganar sangarta take hani, wato barin yaro ya yi abin da ya ga dama. Yaba wa yaro a kan aikin da ya yi da guminsa ba sangarta ba ce, biyan hakki ne.

Sai babbar hujja, wai wannan tarbiyyar Turawa ce. Mai faɗin haka ya koma ga littattafan da ke cikin zauren malaminsa. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi umarnin a girmama yaro idan ya yi abin kirki, a saka masa da abin da zai faranta ransa, a yabe shi a gaban mutane, kuskurensa na farko kuwa a kau da kai. Ibnu Khaldun ya keɓe fasali guda a Muƙaddima kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana koya masa kasala da ƙarya da yaudara. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa ba. Duk wannan ya riga Skinner da ɗaruruwan shekaru. Hukumar Ilimi ta Gana ta hana dukan ɗalibai a makarantunta tun 2017. Abin kunya ne a ce mu da muke da waɗannan malamai sai takardar gwamnati ce za ta tuna mana.

Lada kuwa tana da ƙa'idojinta, wanda bai kiyaye su ba zai ce ya gwada ba ta yi ba. Na farko, ta zo nan take. Alkawarin rigar Sallah a watan Rajab ba ya gyara karatun yau. Na biyu, a ambaci aikin da sunansa. "Ka fitar da harafin nan daga maƙogwaro daidai" ya fi "yaron kirki" amfani, domin yaro ya san abin da zai maimaita. Na uku, kada a jira kammala. Wanda jiya ya kawo aya uku yau ya kawo huɗu ya cancanci madalla, da haka ake hawa har a kai izu sittin. Na huɗu, a yawaita ta a farkon koyo, idan hali ya zauna sai a riƙa yi jefi-jefi, don an tabbatar halin da aka raina da ladar lokaci-lokaci ya fi jure rashinta.

Masu tsoron kada yaro ya zama sai an biya shi suna da wata gaskiya. A 1973 Mark Lepper da abokansa sun yi gwaji a wata makarantar renon yara a Stanford. Yaran da ke son zane da kansu, da aka yi musu alkawarin kyauta kafin su zana, daga baya sha'awarsu ta ragu. Waɗanda kyautar ta zo musu ba zato kuwa ba su canja ba. Darasin a fili yake: kada a mai da tarbiyya ciniki, a ce yi kaza in ba ka sidi biyu. Mai koko ma ba ta yin cinikin gyara. Mafi tsadar lada ba ta aljihu ba ce, kallon uba ne, da dafa kai, da "Allah ya yi maka albarka" da aka faɗa a kan wani abu takamaimai.

Ga inda hatsarin yake. Yaro yana neman a kula da shi kamar yadda yake neman abinci. Idan ya share tsakar gida babu wanda ya gani, amma ya fasa kwano gida duka ya taso masa, mun koya masa hanyar da ake samun hankalinmu. Halin da ba a tanka masa mutuwa yake yi. Haka Hausa ke mutuwa a bakin wasu 'ya'yanmu: yaro ya yi ƙoƙari ya haɗa jimla, a fashe da dariya don ya ce "ya" a inda ake cewa "ta", sai ya koma Asantanci ko Turanci inda ba a yi masa dariya. Ladar da muka hana kuma akwai masu bayarwa. Shagunan cacar ƙwallo da suka cika titunanmu a kan ƙa'idar nan ta jefi-jefi suke tsaye, ci ɗaya bayan faɗuwa goma ya isa ya riƙe saurayi shekara. 'Yan bakin titi ma sun iya kirari. Ranar farko da yaro ya zauna cikinsu za su laƙaba masa suna, su tafa masa.

Na san kunya tana da nauyi a wurinmu. Akwai uban da ko sunan ɗan farinsa ba ya iya kira, balle ya yabe shi ido da ido. Ban ce a yar da kara ba. Amma al'adar da ta ƙirƙiro zayyanar allo da walimar sauka ta san darajar yabo, kuskurenta ɗaya ta ajiye shi sai ƙarshen tafiya, alhali a kan hanya ake faɗuwa. Malam, gobe idan almajirinka ya kawo biyar ya rasa ɗaya, fara da biyar ɗin kafin ka gyara ɗayar. Iyaye, yau kafin a kwanta ku nemi abu guda da yaro ya yi daidai ku faɗa masa da bakinku. Hausawa suka ce yabon gwani ya zama dole. Ni kuwa na ce wanda bai gwanance ba ya fi gwani bukatarsa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke amanarsu.