Ƙodar Da Aka Ba Ka Amana Ce

Yau maganarmu a kan abin da ke biyo bayan dashen ƙoda ce.

A shekarar 1954 ne likita Joseph Murray, a birnin Boston na Amurka, ya ciri ƙodar wani saurayi ya dasa wa ɗan'uwansa, su tagwaye ne, ta kuwa kama. A Nijeriya an fara wannan aiki a Legas a 2000, sa'an nan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002. Majalisar Fiƙihu ta Jidda kuma ta halatta shi bisa sharuɗɗa tun 1988. To, amma fitowa daga ɗakin tiyata ba ita ce ƙarshen lamarin ba.

Ku sani, babu cutar da ta fi yawan kama wanda aka yi wa dashe kamar ciwon mafitsara, wanda jama'a kan kira sanyi, balle a watannin farko. Ga dalili. Jiki yakan ɗauki sabuwar ƙoda baƙuwa, ya tasam ma yaƙar ta, sai likita ya sa a riƙa shan maganin da ke rage garkuwar jiki muddin ƙodar tana aiki. Da garkuwa ta yi rauni, ƙwayoyin cuta na hanji sukan shiga ta hanyar fitsari, su cika mafitsara, su haura ga ƙodar, daga nan su faɗa jini. A nan ne akan yi asarar ƙodar, wani lokaci har da rai. Mata da masu ciwon sukari sun fi shiga wannan haɗari.

Saboda haka wanda aka yi wa dashe, in ya ji zafin fitsari, ko zazzaɓi kome ƙanƙantarsa, ya tafi ga likitansa ran nan, a auna fitsarin. Kada ya sayi kafso a kasuwa, kada ya sha jiƙon sanyi, gama maganin da aka sha a makance yakan sa cutar ta daina jin magani.

Ku fatake, kada ku riƙe fitsari a doguwar tafiya, kada ku ƙi shan ruwa don gudun tsayawa. Ku kuwa malamai, ku sanar da jama'a cewa shari'a ta yi wa majiyyaci rangwame a kan azumi, kada ya ɗauka sai likita ya yarda.

Ɗan'uwan da ya ba ka ƙoda guda ɗaya ta rage masa. Kada ka tozarta kyautarsa da sakaci. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalam.