Ma'aikacin da ya koma makaranta, a sake shi ya yi karatu

Kowace shekara, in damina ta ɗauke, akwai ma'aikatan gwamnati da na bankuna da na kamfanoni da ke komawa makarantar koyon kasuwanci da tafiyar da dukiya. Waɗansu suna shiga makarantun Yamai, waɗansu kuma su tafi Dakar, makarantar CESAG wadda aka kafa a shekarar 1985, take kuma ƙarƙashin babban bankin BCEAO. Da yawa cikinsu magidanta ne, sun shekara goma ko fiye suna zaune a biro. In ɗaya ya kasa, sai a ce ai girma ya kama shi, kai ya bushe. Wannan magana ba ta da tushe. Abin da ke ka da shi lokaci ne, kuma lokaci abu ne da ake ƙidayawa.

Tun shekarar 2007 ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin karatu na LMD. A cikinsa digirin Masta shekara 2 ne, kowace shekara zango 2, kowane zango yana da awo 30 da ake kira kiredi. Kiredi guda yana cin awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi, a aji da gida. Ke nan zango ɗaya ba ya kasa awa 600. A raba su a kan mako 15, sai a samu awa 40 kowane mako, daidai da makon aikin ma'aikaci. To, wanda shugabansa ya sa wa hannu a takardar izinin karatu, amma yana kiran sa ta wayar salula safe da yamma don neman takardar da ta ɓace, aiki biyu aka ɗora masa. Ga cefane, ga kuɗin makarantar yara, ga ƴan uwa daga Madawa ko Tasawa da ba su san an rage masa alawus ba.

Shi ma ɗalibin akwai nasa nauyi, kuma ya fi ciwo. Wanda ya saba a miƙe masa in ya shigo, yanzu zai zauna benci ɗaya da yaron da bai girmi ƙanensa ba, yaron kuma ya fi shi saurin hannu a kwamfuta. Lissafin da ya rabu da shi tun sakandare ya dawo. Har abin da yake taƙama da shi ya sake kama. Tsarin rubuta lissafin kuɗi na SYSCOA ya fara aiki a 1998, aka kuma gyara na ƙasashen OHADA, gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Jadawalin TAFIRE, wanda tsofaffin ma'aikata suka sha wuya kafin su iya cika shi, an soke shi, an kawo jadawalin shige da ficen kuɗi a madadinsa. Wanda ya shiga aji yana cewa «haka muke yi a wurinmu» ba zai daɗe ba malami ya mayar masa da takardarsa da jan alƙalami.

Duk da haka yana da abin da yaran ba su da shi. In aka kawo labarin wani kamfani da bashi ya ci, aka ce a tattauna, shi ya taɓa ganin ɗan kasuwar Maraɗi da ya haɗa kuɗin shago da na gida cikin aljihu ɗaya, ya kuma san yadda abin ya ƙare. Malamin kirki yana jin daɗin irin wannan ɗalibi, muddin ya bari a gama bayani kafin ya kawo labarinsa.

Saboda haka ya kamata shugabannin ma'aikatu su gane cewa izinin karatu ba alfarma ba ne da ake bayarwa da hannun dama a karɓe da na hagu. Kafin mutum ya tafi, a naɗa wanda zai riƙe aikinsa, a damƙa masa makullai da takardu a gaban shaidu. A faɗa wa mai tafiya, a rubuce, abin da zai riƙa samu a wata, don ya shirya da iyalinsa. Makarantun su ma su buɗe ajin share fage na ƴan makonni, na lissafi da kwamfuta da Turanci, kafin zangon farko. In ya dawo da takardarsa kuma, a ba shi aikin da ya dace da ita, kada a mayar da shi teburin da ya baro shekara 2 da suka wuce.